Mikaila, Mai Raba wa Motoci Hanya

Da an idar da sallar asuba, Baba Mikaila zai tsuguna a bakin tashar Yendi ya zana hanyoyi a ƙasa da tsinke: wannan ta gangara Salaga, waccan ta haura Bawku. Kowace tsakuwa mota ce. Sai ya yi ta matsar da su yana ƙunƙuni, har ya gano inda motocin kaya za su bi su sha mai kaɗan, su kuma isa a kan lokaci. Direbobi na tsokanarsa wai duba yake yi. To amma wa ya isa ya tayar da mota bai ji ta bakinsa ba?

A shekarar yunwa ta 1983 aka sauke masarar agaji a Salaga, aka ce shi zai tsara jigilarta. Ga ƙarancin mai, ga gadojin da ba sa ɗaukar babbar mota, ga koguna na shirin rufe hanya.

Ƙanwarsa Atikatu ta tako da ƙafa daga ƙauyen mijinta, can ƙetaren kogi.

"Yaya, mota ɗaya tak. Wallahi ganye yarana suke ci."

"Atikatu, man da zai kai mota wajenku shi zai kai wa ƙauyuka uku na bakin hanya. Ki yi mini haƙuri zuwa sawu na gaba."

Amidu direba yana wurin. Ya ce a kan idonsa Mikaila ya ture tsakuwar zuwa arewa, wajen ƙauyukan bakin hanya. Kafin sawu na gaba kogi ya cika ya batse. Latifatu, autar Atikatu, ba ta kai lokacin kaka ba, yunwa ta ɗauke ta.

Kai ne ka ciyar da mutanen da har gobe ba su san sunanka ba, Baba. Wadda ta san abin da ka yi ita ce wadda ta daina gaishe ka. Wannan abu yana ci mini rai.

Bana ido ya gaza, ya ajiye aiki. Mun gode, mai raba hanya, Allah ya saka. Masu tasowa, ku riƙe amana kamarsa, amma kada ku sa ran za a yafe muku.

Ranar sallamarsa abu ɗaya ya roƙa: Amidu ya je ya ɗauko masa Atikatu. Da motar ta dawo ya miƙe yana lalube, yana cewa, "Ta zo?"

Amidu ya kashe inji, shi kaɗai a motar, ya kasa fitowa.