Sanyin da Na Yi a Gidan Kaka

Shekaranjiya da safe na buɗe famfo zan wanke kofunan shayi, ruwan ya cije ni a yatsu har na janye hannu. Tsohuwar da nake yi wa aiki a nan unguwar Bani Harisa ta Madina, wadda kakanninta suka zo hajji daga ƙasar Hausa suka zauna, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Ya binti, bard ya shigo, kunna mini daffaya." Sanyi take nufi da bard. Na kunna mata abin ɗumama ɗakin, na dawo na tsaya a bakin famfo. Wanda bai taɓa yin sanyi a Madina ba, zai ɗauka zafi kawai muke sha. Ni kuwa wannan ruwan, gidan Kaka ya mayar da ni.

Kaka, mahaifiyar uwata, Kirista ce. Uwata ta musulunta kafin ta auri babana, amma zumunci bai yanke ba. Ina da shekara tara aka kai ni ƙauyensu hutun ƙarshen shekara. Ni kaɗai ce mai salla a garin. Kaka da kanta ta saya mini buta, ita ke ɗumama mini ruwan alwala a gefen murhu.

Ana saura kwana uku Kirsimeti motar kasuwa ba ta dawo ba. Washegari wani ya iso a ƙafa, ya ce ana faɗa a birni, an ƙona majami'u da masallatai, an rufe hanya. Cikin waɗanda aka kashe har da ɗan maƙwabciyarmu, wanda ya tafi sayar da citta.

Garin ya yi tsit. Aka daina daka. 'Yan matan da muke wasan gaɗa da su, iyayensu suka riƙa janye su in na fito. Daga bayan danga ina jin ana wasa adda a kan dutse, a hankali, ba hira. Na ture kwanon tuwona gefe.

Washegari da hantsi Kaka ta yafa mini tsohon bargonta, ta ja ni bayan gida. Akwai wata kuka a gefen gonarta, ba ganye ko ɗaya, gonar ma sai kututturen dawa. Ta zauna a kan saiwa, Littafi Mai Tsarki a cinyarta, ba ta ko buɗe shi ba. Mun daɗe a haka, iska na shiga ta ƙasan zanena.

"Kaka, kashe ni za su yi?"

Ba ta ce a'a ba. Har yau ina tuna wannan.

Ta ce, "Jikalle, dubi kukar nan. Baƙo zai ce ta mutu. Ubangiji ne ya karɓe mata ganye don ta huta, aikinta yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Mu kuma a irin wannan lokaci muke tuna haihuwar Almasihu, ba da damina ba. Ya zo lokacin da ba kowa a gona, sarki kuma yana neman ran jarirai. In sanyi ya zo ba a faɗa da shi. Zama ake yi, a saurara."

Ban gane rabin maganar ba. Abin da na gane shi ne ba ta da niyyar tashi, ni ma sai na jingina da ita.

Muna nan zaune samari huɗu suka ɓullo ta cikin gona. Na gaba ƙanen ɗan maƙwabciyarmu da aka kashe ne, idonsa ja wur, adda a hannu. Kaka ba ta miƙe ba, ba ta ɓoye ni a bayanta ba.

"Iya, 'yar nan ta mutanen can ce," in ji shi.

"Jikata ce. Ni na yanke maka cibiya, ni na yanke wa yayanka. Zo ka zauna, ka yi kukanka a nan. Tun jiya ba ka yi ba."

Ya tsaya yana huci. Ɗaya daga cikinsu ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Na ƙura wa addar ido har na daina ganin komai sai ita. Can ya juya, sauran suka bi shi. Bai zauna ba, bai kuma yi kuka a gabanmu ba.

Ranar Kirsimeti ba a yi kiɗa ba. Da yamma maƙwabciyar ta aiko da kwanon shinkafa da kaza mai rai, ta ce kazar ba a taɓa ba, a kai wa Bafulatanin ruga ya yanka saboda yarinya. Bayan kwana goma aka buɗe hanya, babana ya zo ya ɗauke ni.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Yanzu ba mai kai ɗansa hutu ƙauyen nan, 'ya'yana ba su taɓa kwana gidan danginsu na can ba, ba su ma san sunayensu ba. Labarin gida kuwa kullum sai an ce an tare hanya, ko an tashi wani gari, ni ina nan nesa ba abin da hannuna zai iya. In abin ya cika mini ƙirji, ranar hutuna nakan hau bas zuwa masallacin Ƙuba, in yi raka'a biyu, in samu gefen tsofaffin gonakin dabino in zauna, hannuwana a cinya, ba na cewa komai. Sallar tawa ce. Zaman kuwa a wurin Kaka na koya.