Sunan Habu ne ya fito a rajistar

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam Habu, injiniyan gidan rediyonmu da ke Plateau. Abin da zan faɗa ya faru shekara guda kafin nan, wata Talata da ƙarfe goma na safe, a biro, wato ofishin direkta. Mu uku ne: Hajiya direkta, Habu, da ni mai karanta labarai.

Gidanmu yana ajiye muryoyinsa a kan kwamfutocin da ba su da jiki, waɗanda ake buɗewa can a intanet. Kowa na iya aiki a kansu, amma izinin share ɗaya ɗungurungum yana hannun Habu shi kaɗai. Na sha roƙonsa ya ba ni. Sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, mai hanzari irinka ba a ba shi wuƙa."

Ranar Litinin, jajibirin wannan Talatar, yana wajen likita a Lamordé, kwamfutar labarai ta tsaya. Ya faɗa mini kod ɗinsa, lambar sirrin shiga, ta waya don in tashe ta, shi ke nan. Da na shiga sai na ga wata kwamfuta da aka yi watanni ba a taɓa ba, na ɗauka shara ce, na share. Ashe a cikinta hirarrakin da muka yi da tsofaffin masuntan kogi suke, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Hajiya ta karanta rajistar na'ura. Sunan Habu ne ya fito, tunda da kod ɗinsa aka shiga.

"Malam Habu, kai fa? Kai da ke hana kowa?"

Ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Sunana ne, Hajiya."

Ni da nake cin abinci da bakina, ban ce uffan ba. An ce shiru ma magana ce, nawa kuwa shaidar zur ce. Aka saka masa takardar gargaɗi a dosiyarsa, fayil ɗinsa na aiki, aka mayar da shi ɗakin ajiyar wayoyi. Har direbobi suka riƙa ce masa Mai Tsintsiya. A can ya ƙare aikinsa, kuma kullum da safe shi ke fara gaishe ni.

Yau kowa da kod ɗinsa, ba a aro. Ba a share kwamfuta sai mutum biyu sun yarda, wadda aka share kuma tana jiran kwanaki kafin ta tafi. Duk Habu ya nemi wannan a rubuce tun da daɗewa, ba a saurare shi ba. Da yana raye ya ga haka, ina jin zai ce tsarin ya yi, sannan ya tambaya ko mutum na biyun yana karantawa kafin ya yarda. Sau da yawa ni ne na biyun. Ina karantawa.

Muryoyin masuntan ba za su dawo ba. Abin da ya rage na Habu shi ne sunansa, kuma ni na ɓata shi. Na san ihu bayan hari ne, amma makon jiya na rubuta wa Hajiya gaskiya, aka cire takardar daga dosiyarsa. Na kai ta wa matarsa, Mariyama, a unguwar Bobiel. Ta karɓa ba ta buɗe ba. Ta ce tun ranar ya gaya mata, ya kuma hana ta faɗa wa kowa. Allah ya ji ƙansa.