Efo Komla Agbenyega da Jimlar da Ba ta Cika Ba

Ranar Laraba, 12 ga watan Yuni, ina tsakiyar darasi 'yarka Elikem ta kira ni ta ce ka cika a asibiti a Hohoe, bayan jinyar mako uku. Na koma aji na ƙarasa lissafin da ke kan allo. Sai da yara suka watse na zauna na yi kukana.

Efo Komla, wasu za su yi maganar shekara talatin da huɗu da ka yi kana koyar da Turanci, da yadda kake raba tuwonka na akple da duk malamin da ya fito bai karya ba. Ni abu ɗaya zan faɗa. Shekara goma sha tara ina riƙe da shi, kuma ko 'ya'yanka ba su san shi duka ba.

Ina da shekara ashirin da huɗu aka turo ni makarantarku a matsayin malamar lissafi. Akwai wata al'ada a wurin da kowa ya sani, ba mai faɗa. Ranar jarrabawar fita, malamin da ke tsaron ɗaki yakan fita shan ruwa na minti goma, wani ya shigo ya rubuta amsoshi a allo, sannan a goge. Iyaye sun sani. Shugaban makaranta, Mista Dzramedo, ya sani. Da aka ba ni tsaron ɗaki, na ƙi fita. A shekarar yara goma sha ɗaya suka faɗi lissafi.

Daga nan aka daina gaishe ni a gari. Matar da nake sayen kifi wurinta ta ce ya ƙare, alhali ga shi a faranti ina gani. Mai gidan da nake haya ya ce in nemi wani wuri. Sannan Mista Dzramedo ya kira taron malamai, ya karanta wasiƙar da za a aika ofishin ilimi na gunduma don a kore ni daga aiki. Ina zaune a ƙarshen benci ina saurare. Laifina a wasiƙar jimla ɗaya ce: wai na ƙi yin "conform". Aka fara zagayawa da takardar. Mutum tara suka sa hannu, ba wanda ya dube ni. Sai ta iso gabanka.

Ka sa tabarau, ka karanta, ka sake karantawa.

"Shugaba, jimlar nan ba ta cika ba," ka ce.

"Efo, ba gyaran Turanci muka kawo maka ba. Sa hannu, rana tana yi."

"Ai gyaran Turancin ne aikina a nan."

Ka juyo ga malamai kamar kana gaban 'yan aji ɗaya. Ka ce ma'anar kalmar ita ce mutum ya daidaita kansa da abin da jama'a suka saba, ya yi yadda ake yi. Ba ɗaya take da bin umarni ba, domin umarni yana da wanda ya bayar, wannan kuwa kowa maƙwabcinsa yake kallo. Ka ce a hira ana iya barinta ita kaɗai, amma a takardar da za ta raba mutum da abincinsa, dole a faɗi abin da ya ƙi bi.

"Ta ƙi daidaita kanta da me? Da sutura? Da lokacin zuwa aiki? A rubuta, in sa hannu yanzu."

Mista Dzramedo ya ce, "Kowa a nan ya san abin da ake nufi."

"Mutanen gunduma ba su sani ba. Ga biro, Shugaba."

Ka miƙa masa naka. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallonka, sannan ya rage murya ya ce, "Komla, kai shekara nawa kana fita shan ruwan nan?"

A nan na tabbata an gama da mu duka biyu.

"Goma sha biyu," ka ce. "A rubuta wannan ma, zan sa hannu a ƙarƙashinsa."

Ba wanda ya motsa. Can wata malama, Madam Enyonam, ta jawo takardar ta soke sunanta, ta ɗauki jakarta ta fita. Ba a aika wasiƙar ba.

Ni na zauna a aikina. Kai kuwa kafin ƙarshen zango aka mayar da kai wata makarantar ƙauye a tsallaken tafki, inda sai da kwalekwale ake zuwa. Ƙarin girman da kake jira ya wuce ka. Matarka, Daavi Mawusi, ta rufe shagon ɗinkin da ta yi shekaru tana ginawa, ta bi ka da yara uku. Tun daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Al'adar ma ba nan take ta mutu ba. Sai da ta ƙara shekara uku, har malaman da ke ƙin fita suka fi masu fita yawa.

Sau ɗaya na haye tafkin don in yi maka godiya. Na same ka a gindin mangwaro kana duba littattafan yara. Ba ka bari na gama ba. Ka ce, "Sename, ke kika fara ƙi. Ni makara na yi." Ka tura mini kwanon gyaɗa, ka ci gaba da aikinka.

Allah ya jiƙanka, Efo Komla. Ya gafarta maka shekarun da ka ƙirga da bakinka a gaban mutane, ya saka maka da waɗanda suka biyo baya. Ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Elikem da Selorm da Dzifa, da dukan zuriyar Agbenyega, Allah ya ba ku haƙuri.

Daavi Mawusi, ke kika biya abin da ni ya kamata in biya, kuma ba a tambaye ki ba. Ranar jana'iza zan zo in durƙusa in gaishe ki. Ko ba ki amsa ba, zan zauna kusa da ke har a tashi. Allah ya sanyaya miki zuciya.