Baba Sale da Demarar Babur ɗin Ayuba

Kafin masu shaguna a bakin tashar Gazawa su gama buɗe ƙofofinsu, Baba Sale ya riga ya share rumfarsa. Yakan shimfiɗa wani tsohon buhu a inuwar itacen bedi, ya jera kayan aikinsa a kai, kowane ƙarfe a mazauninsa, sannan ya zauna bisa kututture ya yi bisimilla. In aka turo masa babur ba ya saurin ɗaukar ƙarfe. Sai ya sa mai babur ɗin ya faɗi yadda ciwon ya fara, ya sake tambaya, ya kuma kasa kunne ga injin. Masu gaggawa suna ƙorafi a kan haka, ni ma na sha yi. Shekara talatin da bakwai ke nan yana wannan zama, kuma ya ce ƙarshen watan nan zai naɗe buhun, domin idanunsa sun fara yi masa gardama.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, sunana Garba, amma Mushe ake kirana kamar kowane malami a nan, ban san komai a kan inji ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙanena Ayuba.

Shan-inna ta shanye wa Ayuba ƙafar dama tun yana rarrafe. Da ya girma ya samu aiki a asibitin Gangara, shi ke ɗaukar akwatin sanyi na allurar rigakafi ya kai ƙauyukan da mota ba ta shiga, tare da ma'aikaciyar da ke yi wa yara allurar. Yana da wani tsohon babur wanda ya girmi ɗansa na fari. Baba Sale ne, shekarun baya, ya maido masa da birkin baya zuwa hannu, har mutanen tasha suka taru suna kallo. Abu ɗaya dai ba ya gyaruwa: Ayuba ba ya iya taka kik, wato tada babur da ƙafa. Duk rayuwarsa ta aiki ta rataya ne a kan demarar, wato ɗan ƙaramin injin nan da ke tada babur in an danna maɓalli. In babur ya mutu masa a cikin yashi, demarar kuma ya ƙi, to zama zai yi a nan har Allah Ya kawo mai wucewa, ƙanƙarar akwatin tana narkewa a bayansa.

Farkon daminar bana demarar ya fara wasa. A danna ya ce ƙas, ya yi shiru. Ni kuwa, da iyayi na malaman lakol, na tuna yadda nake ganin direbobin manyan motoci a tasha suna shiga ƙarƙashin mota su ƙwanƙwasa demarar da guduma, mota ta tashi. Na ɗauki dutse na buga wa na Ayuba sau biyu, babur ya tashi. Na ji kaina ya yi girma. Na ce masa ya riƙa tafiya da dutse a jakarsa, ya kuwa bi maganata har mako biyar, domin ni ne yayansa.

Ranar wata Litinin Ayuba ya buga, ya danna, aka ji wani ƙurrr mara daɗi daga ciki, daga nan ko motsi. Majon asibitin, wato shugabarsa, Madam Nasira, mace ce mai kirki, amma ta gaya masa gaskiya. Ranar Alhamis akwai zagayen ƙauyuka huɗu, iyaye mata an riga an sanar da su. In babur bai tashi ba kafin ƙarfe takwas na safiyar Alhamis, dole ta ba wani akwatin, kuma ba za ta iya yi masa alkawarin zai dawo hannunsa ba, don masu ƙafa biyu da sababbin babura da yawa suna jiran wannan aiki.

Muka ɗora babur a amalanke muka kawo Gazawa. Baba Sale yana gonarsa wajen noman fari, ba zai dawo ba sai Laraba. A gaskiya ban yi baƙin ciki da rashinsa ba, domin wani abu a raina ya riga ya fara gaya mini cewa dutsen nan bai yi alheri ba. Makanike na farko ya ce batir ne, aka ɗaura wata, shiru. Na biyu ko sunkuyawa bai yi ba.

"Mushe, wa ke gyaran demarar yanzu? A yanke wayar kawai, shi riƙa kik kamar kowa."

Ayuba yana zaune a gefen amalanke da sandarsa. Makaniken ya dubi ƙafarsa, ya sosa ƙeya, ya ce a yi haƙuri bai lura ba. Na uku ya buga waya Maraɗi, ya buga Katsina, aka ce irin wannan tsohon demarar an daina kawo shi tuntuni. Ranar Talata na kasa cin abinci, Ayuba kuwa sai tambayata yake ko akwai wani aikin zama da na sani a buro, wato ofis. Ban taɓa jin ya yi irin wannan tambaya ba.

Laraba da hantsi Baba Sale ya dawo, ƙasar gona ko wankewa bai yi daga ƙafarsa ba. Ya saurari Ayuba har ƙarshe. Ni kuma na tsallake zancen dutse, Ayuba ma ya rufa mini asiri. Tsohon ya kunna fitilar babur, ya sa tafin hannunsa a gabanta, ya ce a danna maɓalli. Aka ji ƙas, hasken bai rage ba ko kaɗan.

"Batir lahiya lau take," in ji shi. "Da demarar na jan wuta, da hasken ya dushe. Wutar ce ba ta samun hanyar shiga."

Ya ɗauki turnabis, ƙarfen murɗa ƙusa, ya haɗa ƙusoshi biyu na ɗan akwatin da ke cewa ƙas, don wuta ta wuce kai tsaye. Shiru. Ya sunkuya, ya kai yatsunsa jikin demarar yana shafawa a hankali. Na ga yatsun sun tsaya wuri ɗaya, sun koma baya, sun sake tsayawa.

"Wa ya buge shi?"

Ya ɗago ya dube ni, ni kaɗai.

"Mushe, kai ne ko? Dabarar direbobin tasha ce wagga. Nasu na babbar mota waya ce naɗe a ciki, tana jure duka. Na moto kuwa mayen ƙarfe ne aka liƙa da gam. Kana bugu, yana saki. In ya rabe biyu, to ni ma ba ni da abin yi."

Na tsawata wa yara shekara ashirin a aji, amma ranar na rasa inda zan sa idona. In mayen ƙarfen ya rabe, da hannuna na raba ƙanena da aikinsa.

Ya kwance demarar ya ɗora a kan buhu, ya yi alama da ƙusa a jikinsa don ya san yadda zai mai da shi, sannan ya buɗe. Baƙar ƙura ta zubo. Sharbon, wato ƴan guntayen gawayin nan biyu da ke kai wuta ga abin da ke juyawa, sun cinye saura kamar ƙwayar wake. Wannan ne asalin ciwon, kuma da an kawo tun farko aikin rabin awa ne. Mayen ƙarfe ɗaya kuwa ya ɓalle ya kwanta a karkace. Baba Sale ya zaro shi ya kai kusa da fuskarsa, ya mai da shi nesa, ya juya shi wajen rana. Daga ƙarshe ya miƙa wa Ayuba.

"Ɗana, idona ba ya ganin tsaga. Goge shi da tsumma ka duba mini da kyau. Kar ka ji tausayin kowa, in ya tsage ka ce ya tsage."

Ayuba ya daɗe yana dubawa. Ni dai salati nake a zuci.

"Baba, gefe ne kawai ya ɗan ɓantare. Jikin lahiya lau."

Kai ne, Baba Sale, wanda bai ji kunyar cewa idonsa ya gaza a gaban jama'a ba. Wani da sai ya yi shiru ya liƙa haka nan, in ya lalace ya ce ƙaddara. Kai ka ari idon mai babur, ka riƙe aikin da hannunka.

Ya kankare tsohon gam, ya bi sawunsa da yatsa har ya gano daidai mazaunin mayen ƙarfen, ya shafa sabo, ya tokare shi daga ciki da guntun kara. Daga wani gwangwanin tumatir ya zaɓo sharbon na tsohuwar mota, ya ba Ayuba magagari ya ce ya goga, shi kuma yana aunawa da yatsa yana cewa a ƙara, a rage. Ya narka dalma a garwashi ya haɗa wayoyin. Da la'asar komai ya kammala sai gam. Na ce a ɗaura a gwada, hankalina ya kwanta. Ya ce gam ba ya jin Faransanci, sai gobe da safe. Na yi fushi, na kuma san ba ni da bakin magana.

Alhamis muna sallame asuba muka taru a rumfa. Ya cire karan, ya girgiza mayen ƙarfen da yatsa, bai motsa ba. Ya haɗa, ya ɗaura a babur. Ayuba ya hau, ya jingina sandarsa, ya yi bisimilla ya danna.

Ƙas. Shiru.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ayuba ya sunkuyar da kai bisa tanki. Ƙarfe bakwai ta kusa, ga hanyar Gangara da ruwa ya ci. Baba Sale ya durƙusa. Ya bi waya da yatsa tun daga batir har inda baƙar waya ke ɗaure a jikin ƙarfen babur. Ya murɗa ta, ta juya. Makaniken da ya gwada mana wata batir ne ya bar ta a sake, ga tsatsa a ƙarƙashi. Ya kankare da wuƙa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tam.

"Sake dannawa."

Babur ya tashi tun yatsan bai gama sauka ba. Na yunƙura zan yi kabbara, tsohon ya ɗaga mini hannu. Ya sa aka kashe aka tada har sau bakwai, kunnensa a jikin injin, kafin ya ce Ayuba ya tafi. Da ƙurar babur ta ɓace ya zauna a kututturensa ya ce mini, "Mushe, ni ma na ji tsoro."

Ayuba ya isa asibiti ƙarfe takwas saura minti goma. Ma'aikaciyar da suka fita tare ta gaya mini babur ya mutu musu sau biyu a yashin wani kwari, nesa da kowane gida, kuma sau biyun dannawa ɗaya ya tashi. Yara sittin da ɗaya aka yi wa allura ranar.

Hankalina dai bai gama kwanciya ba. Sharbon yana cinyewa, rumfar kuma za ta rufe. Na faɗa wa Baba Sale haka, ya ce ya riga ni tunani. Juma'a uku a jere yana kiran Ayuba, ya sa shi ya kwance demarar ya mayar da hannunsa, shi yana zaune yana sauraro. A ta ukun ya ce masa wannan aiki ne na zaune, ba ya buƙatar ƙafa, kuma daga yau in ya lalace kada ya nemi kowa.

Mun gode, Baba Sale, mai kunnen inji. Allah Ya ƙara wa idanunka haske, Ya saka maka da abin da ba za mu iya ba. Ku kuma samarin makanikai na Gazawa da Gangara, tsohon nan yana nan har ƙarshen wata, ku je ku zauna kusa da shi. In an turo muku babur, ku dubi wanda zai hau shi kafin ku ce a yanke waya. Ƙanena yana fita daji kowace Alhamis da ƙafa ɗaya da maganin ƴaƴan mutane a bayansa, kuma ba ya jiran kowa ya tura shi.