Simintin Baba Saleh

Ban manta ba, kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba Saleh ya dawo mana da simintinsa ba. Ina dirasa a wani asibiti a Nguru, lokacin ana kashe fam da sule. Dirasa shi ne mai wankin ciwo da naɗa bandeji. Karatuna a firamare ya tsaya, ni ma a matsayin dirasa aka tsayar da ni.

Baba Saleh masunci ne daga Dagona, da birgi, wato komar jefawa, yake ci da iyalinsa. Farkon damina ya zame a bakin jirgi, ya dafe ƙasa da hannun dama. Daga Gashuwa aka turo shi, don mu ke da injin hoton ƙashi. Likitanmu, wani Ba'indiye, ya ce ya juya tafinsa sama. Ya kasa. Hoto ya nuna kan ƙashi ya tsage dab da gwiwar hannu. Likita ya ce in ɗaure hannun da siminti, amma kada ya wuce mako uku, don gwiwa ba ta son zama wuri ɗaya, sandarewa take yi. Na faɗa wa Baba.

Ya ce, "Ɗana, mako uku? Maɗorin garinmu ko akuya ba ya kwance wa da wuri haka."

Na ce, "Baba, wannan ba karan ɗori ba ne. Ka dawo kan lokaci."

Malamin kati ya buɗe littafin lambobi. Kowane ciwo da lambarsa, ita ake aikawa sama a ƙarshen wata, ba sunan mutum ba. Ya rubuta ta karayar hannu, aka sallame shi.

Sai ruwa ya cinye hanya, mota ta daina zuwa Nguru. Da lokaci ya yi, Baba ya shiga jirgi ya je wani ɗakin shan magani a Gashuwa. Ma'aikacin wurin ya ce wanda ya sa shi ne zai cire. Baba bai yi gardama ba, don a wurinsu daɗewar ɗori ita ce ƙwarinsa. Ya koma gida ya naɗe simintin da fatar akuya, ko alwala ba ya bari ruwa ya taɓa shi.

Sai da kaka muka gan shi. Ya kwance fatar yana murmushi, ya ce, "Duba amanarka, ɗana. Ko ƙwarzane babu."

Wallahi ban taɓa ganin siminti mai tsabta irinsa ba. Na yanke. Ƙashi ya haɗe sarai, amma hannun ya tsaya a lanƙwashe kamar ƙotar fartanya. Likita ya ja, ya murɗa, ya girgiza kai. Baba ya dube ni ya ce, "Yaushe zan jefa birgi?" Na ce a tambayi likita, alhali na san amsar.

Malamin kati ya rubuta cewa Baba ya warke. Na yi magana, ya ce lambar ta ƙashi ce, kuma ƙashi ya haɗe.

Ku yaran yanzu, abin da aikin nan ya koya mini ke nan: muna tsoron majinyaci mai taurin kai, amma mai biyayya shi tsarinmu ke cinyewa. Baba Saleh ya ƙare yana sayar da bandar kifin wasu a kasuwar Nguru. Duk sanda na wuce sai ya kira ni, ya nuna ni ga mutane da hannun hagu, ya ce ga yaron da ya iya siminti.