Baffa Iro da Littafin Asalinmu

Duk wanda ya san Baffa Iro, ƙanen mahaifina, ya san ba ya sakin hannun baƙo sai ya ji sunan kakansa. Mun taɓa shiga mota daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, wasu mutum biyu suna ta cacar baki a kan kujerar bakin taga. Baffa ya bi kowannensu da tambaya, can sai ya tafa hannu.

"Kai! Ashe taubasai ne ku! To, ku ci gaba, wasa ne."

Ni kuwa, da yake na yi boko har ina koyarwa, sai na ga bai kamata wannan ilimi ya zauna a kan tsoho ɗaya ba. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na sami Baffa a Tamawa yana gyaran kwashe.

"Baffa, ya sunan kakanmu?"

"Ubana zan kama wa suna? Ba ka da kunya?"

"To, ɗan wansa fa?"

"Mai sunan Baba."

Kafin la'asar na tara Mai sunan Baba har bakwai a shafi guda.

Abin da nake kwaɗayi a raina shi ne sarauta. Tuni na gaya wa abokan aiki cewa tushenmu wani jarumi ne mai doki.

"Jaki dai," in ji Baffa. "Jakinshi ya ɓace, ya biyo sawu har nan, ya tarar ana rabon fura, ya zauna."

"Jakin fa?"

"Har yau ba a gan shi ba. Rubuta!"

Ban rubuta ba. Da ya koma lissafo mata, wance an kai ta Barkiya, wance Ɗantutture, sai na ce takarda ba za ta isa ba, mu tsaya a kan maza tukuna. Ya dube ni ya daɗe.

"Malam na boko, mazan nan naka daga rumbu aka ɗebo su?"

Na ce zan dawo da hutu. Hutu uku suka wuce ban je ba, har Allah Ya yi wa Baffa rasuwa.

Ranar sadakar uku, wata tsohuwa ta sauko daga kan babur, ta zauna a ƙofar gida tana kuka kamar ranta zai fita. Babu wanda ya gane ta. Aka ce a kira mai littafi. Na fito ina taƙama, na buɗe shafi bayan shafi, gumi yana keto mini.

"Bari wahalar da kanka, ɗan nan," in ji ta. "Daga Barkiya nake. Nono ɗaya muka sha da Iro da ubanka. Iro kaɗai ya rage mai zuwa gaishe ni."

Kunya ta rufe ni, na durƙusa na tambayi sunanta, na rubuta a bangon littafin.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da duk waɗanda ya riƙe sunayensu. Mu kuma Ya yafe mana zumuncin da muka bari ya tafi tare da shi.