Harshe a Cikin Hular Kwano

Mbarek bai taɓa iya zama ba. Uwarsa ta faɗa tun yana goye, malamin makaranta ya faɗa da bulala a hannu, matarsa Hadda ta faɗa har ta gaji ta daina. Ɗan manomin zaitun ne daga wani ƙauye a gindin duwatsun da ke bayan garin Bani Mallal, kuma da ubansa ya samu yadda yake so, da a gindin bishiya zai tsufa. Sai ya gudu ya shiga soja, aka jefa shi cikin sojojin laima. Ranar farko da aka tunkuɗo shi daga ƙofar jirgi ya gano cewa duk faɗin duniya wuri ɗaya ne ƙafarsa ba ta yi masa ƙaiƙayi, wato tsakanin jirgi da ƙasa. Da ya ajiye kaki bai yi nisa ba. Ya koma filin dira na bayan gari, inda Turawa ke tururuwa in sanyi ya koro su daga ƙasarsu, ya zama mai koya wa mutane faɗowa daga sama.

A can sama babu magana. Iska ce ke cika kunne, ko ka tsaga maƙogwaro ba mai ji, shi ya sa malami da ɗalibi suke hira da yatsu. Yatsu biyu a miƙe na nufin ka miƙe ƙafafunka, don ɗalibin da tsoro ya kama yakan naɗe ƙafa kamar jariri, daga nan kuma sai ya hau juyi. To in malamin ya riƙe shi da hannu bibbiyu fa, da me zai nuna? Da harshe. Ya zaro shi waje iya tsawonsa, ma'anar ɗaya ce. Kowane malami ya san wannan, amma babu mai yinsa kamar Mbarek. Yakan zare ido, ya karkace kai, ya saki harshe iska na kaɗa shi. Ɗalibin da ke shirin sumewa sai ya tsinci kansa yana dariya, mai dariya kuwa jikinsa yakan saki. Shekara da shekaru da fuskar nan yake cin abinci.

Saboda haka hular kwanonsa buɗaɗɗiya ce, irin wadda ke rufe ƙoƙon kai da kunnuwa ta bar wa iska fuska, sai ɗan tabarau mai roba a ido. Fentinta ya ɓare, tana warin gumi. Lokacin da samari suka fara yayin rufaffiya, mai kare haɓa da gilashi har goshi, ba irin tsiyar da bai yi musu ba. Yakan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ya tambaya ko masu gida na ciki. Su kuma su ce gara haka da mutum ya sauko da majina har kunne kamar wasu.

Tsautsayi ya same shi ne a bakin ƙofar jirgi. Wani ƙaton ɗalibi ya fita a birkice, dunduniyar takalminsa ta same shi a muƙamuƙi. Ya buɗe wa ɗalibin laima, ya buɗe tasa, ya sauka jini har ƙirji. Likitoci suka ɗaure ƙashin da waya, ya yi makonni yana zuƙar miya ta bututun roba. Ƙashi ya haɗe, jijiya ta ƙi. Gefen bakinsa na hagu ya zauna a rataye, in ya yi murmushi sai ka ce mai ciwon haƙori. Ya ji kunyar fuskar nan, kunya mai tsanani, kuma bai gaya wa kowa ba. Ya koyi magana da hannu a baki. Ko a gida, in Hadda ta ajiye tajin, kaskon miyar da suke ci tare, a tsakaninsu, yakan karkace ya ba ta gefen dama.

Hadda ba ta hana shi komawa ba, ta san in ta tsare shi a gida sai ya ƙarar mata da daɓe saboda zirga-zirga. Sharaɗi ɗaya ta kafa: ba zai ƙara fita daga jirgi da fuska a waje ba. Ya ɗauki alkawarin da saurin da ya ba ta mamaki. Washegari ya shiga shagon filin. Akwai rufaffu masu gilashi garau waɗanda ake ganin mutum har leɓe, ya gwada ya ce suna matse masa kunne. Wadda ta yi masa daidai, ka ji ikon Allah, ita ce mai gilashin madubi, wadda ko ƙwayar ido ba a gani ta cikinta.

Kafin likita ya sake shi, aikin ƙasa aka ba shi. Ya riƙe rediyo yana gaya wa ɗalibai su ja dama su ja hagu bayan laimarsu ta buɗe. Ya tsani aikin. Ya yi ta kai-kawo a gaban rumfar jirage har ya fitar da hanya a ciyawa, ya zuba shayi ya manta da shi, ya gyara igiyar da lafiyarta lau, ya yi faɗa da masu naɗe laima a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hmad, wanda a hannun Mbarek ya koyi dira, yanzu kuma shi ne shugaban malamai, ya ja shi gefe ya yi masa magana cikin ladabi, amma bai ɓoye komai ba. Zai ba shi ɗaliba ɗaya, shi kuma zai bi su da kyamara. In ya ga Mbarek ɗin da ya sani, shi ke nan. In bai gani ba, rediyo na nan.

Ɗalibar ita ce Rkia, ungozoma a wani ƙaramin asibiti a gefen gari, ta haura arba'in. Ta daɗe tana hango laimomi ta tagar ɗakin haihuwa, da ta aurar da autarta ta ce lokacinta ya yi. Ta wuce matakin da malamai biyu ke riƙe da ita. Yau ce ranar da malami ɗaya zai fita da ita ya sake ta a iska. A ƙasa Mbarek ya bi da ita kan alamomi, hannu a baki kamar mai tari. Da aka zo kan harshe sai ya ce ai wannan an koya mata, ya wuce.

A cikin jirgi ya sauke gilashinsa tun kafin a tashi. Suka fita ta saman gonakin zaitun. Da farko lafiya. Ya sake ta, ya zagayo gabanta, sai ya ga ƙafafun sun fara naɗewa. Ya nuna yatsu biyu, ashe ba hannunsa take kallo ba. Ta fara zamewa baya, ta fara juyi. Ya bi ta ya cafke kafaɗunta da hannu biyu, ya zare ido, ya karkace kai, ya zaro harshe iya ƙarfinsa. Harshen ya daki robar hula. Ya ci gaba da yi, yana mamakin taurin kan matar nan, ƙasa na ta matsowa, kafin ya tuna inda kansa yake. Idanunta na kansa, ko ƙyaftawa ba ta yi. Shi ya miƙa hannu ya ja mata laima.

Ta sauka lafiya. Mbarek ya zagaya bayan rumfa yana kai-kawo. Hmad ya same shi can, ya ajiye masa rediyo a kan benci ya tafi. Amma dole malami ya zauna da ɗalibinsa bayan dira, don haka ya je. Ya tarar Rkia na tuɓe rigar dira tana neman takalmanta. Ya kira ta da Lalla, yadda ake girmama mace a can.

"Lalla Rkia, ƙafafunki ne suka naɗe. Na yi miki alama."

"Da me?"

Ya kai hannu baki.

"Si Mbarek, ni fa na neme ka ban same ka ba. Na ɗaga kai in ga malamina, sai ga wata mata baki buɗe, ido kamar zai faɗo. Na ce wannan mutuwa za ta yi. Sai can na gane ni ce."

Ta ce a aikinsu mai naƙuda ba ta jin magana, fuskar ungozoma take karantawa ta san ko za ta rayu, shi ya sa ko likita zai yi faɗa takan sauke takunkumin bakinta ta bari a gan ta. Ya fara kawo zancen muƙamuƙi da alkawarin da ya yi wa mai ɗakinsa. Ta miƙa hannu ta sauke nasa daga baki, yadda ake yi wa yaro mai tsotson yatsa.

"Wannan kake ɓoyewa? Haba, Si Mbarek. Ni da kullum nake karɓar fuskoki a murɗe, a lotse, uwayensu kuma su rantse ba a taɓa haihuwar kyakkyawa irinsu ba."

Ta ce da wannan fuskar za ta sake hawa. Da madubi kuwa, tasi za ta tare ta tafi gida.

Ana kiran sunayen masu hawa jirgin ƙarshe na yamma. Ya ruga shago don ya sayi mai gilashi garau, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ranar Juma'a ce, mai shagon ya tafi cin kuskus bai dawo ba. Ya so ya ce a bari sai gobe, amma ya san ɗalibin da ya kwana da tsoro ba ya dawowa. Ya buɗe akwatinsa ya rufe, ya sake buɗewa. Ga sabuwar tana ƙyalli, ga tsohuwar a ƙasa. Ya tuna likita ya ce in ƙashin ya sake karyewa ba lallai ya haɗu ba. Ya tuna Hadda zaune a barandar asibiti da kwanon miya a cinya. Tsoro yake ji, kuma ba na dunduniyar kowa ba.

Ya ɗauki tsohuwar, ya ɗauko rediyo ya damƙa wa Hmad a hannu. Hmad ya dubi tsohuwar hular.

"Hadda ta sani?"

"Za ta sani."

"To, Baba Mbarek, in ta zo nan ka ce ni ban ga komai ba."

Da ƙofa ta buɗe iska ta mare shi, ya ji sanyinta a dama, hagu bai ji komai ba. Suka fita. Ya sake ta, ya zagayo, ƙafafun suka sake naɗewa. Ya kama kafaɗunta ya zaro harshe. Maimakon ya fito tsaye, sai ya kauce ya nufi kunnen hagu kamar na akuya mai lasar gishiri. Rkia ta tsura masa ido, sannan kumatunta suka buɗe, ta tuntsire da dariyar da ba a jin sautinta. Ƙafafun suka miƙe. Da lokaci ya yi ita ta ja laimarta da kanta.

Ya isa gida kafin magariba, shatin tabarau kewaye da idanunsa, kumatu jajir. Hadda ta san shatin nan tun tana amarya.

"Ka karya alkawari."

"Na karya."

Ranta ya ɓaci, ta kuma faɗa. Ta ce in ya sake farfasa baki ya nemi mai kai masa miya, kuma gobe da ita za a je shagon, ita za ta zaɓi mai gilashi garau, kunnuwa su matsu ko kada su matsu. Ya ce ya ji. Sai ya hau ba ta labarin ungozoma, yana zagaye ɗaki, ya kama kafaɗun iska da hannu biyu, ya zare ido, ya saki karkataccen harshensa a tsakar ɗaki. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya zauna ya ci.

Ya zauna yana fuskantarta, ya gutsuri burodi yana ci yana surutu, miya na ɗiga ta gefen hagu bai sani ba. Hadda ta tura masa tajin gabansa, ita ba ta sa hannu ba. Tun ranar da aka kwance masa waya, yau ce ta ga fuskar mijinta duka, ta zauna tana kallo har nata gefen miyar ya huce.